Muryata Ce a Saƙon Yohanna Kafinta

Akwai wata magana da ake yi a gidan nan yau shekara shida ke nan, cewa wasu ne suka haɗa muryata da kwamfuta suka ɓata sunan Yohanna kafinta. Da ita ƙananan cikinku suka tashi. Kwanan baya ma na ji ɗaya daga cikin jikokina tana faɗa wa ƙawarta haka a tsakar gida, da zuciya ɗaya, kamar abin da ta gani da idonta. Shi ya sa na zauna nake rubuta muku wannan da hannuna, ku 'ya'yana da jikokina, duk da kun san rubutu wahala yake ba ni. Muryata ce. Ni na danna, ni na yi magana, ni na tura. Zan faɗa muku yadda abin ya faru tun daga ranar da wayar ta shigo gidan nan.

A lokacin na yi shekara uku da ajiye aiki. Sama da shekara talatin na yi ina tuƙa motar ma'aikata, ba hanyar da ban bi ba a jihar nan, daga Wukari har kan dutsen Gembu. Direban manya kuwa yana jin labari kafin rediyo ya faɗa, don a kujerar baya ake yanke magana, kai kana riƙe da sitiyari kamar ba ka da kunne. In na dawo unguwarmu Mayo Gwoi a nan Jalingo da yamma, mutane kan tare ni a ƙofar masallaci su tambaye ni me ake ciki. Da na miƙa makullin mota sai abin ya yanke lokaci guda. Na koma zaman benci a ƙofar gida, daga masallaci sai ɗan lambuna na bakin kogi. Ba wanda ya wulaƙanta ni. An dai daina tambayata komai, kuma ban san hakan yana cina ba sai daga baya.

'Yata Fadimatu ce ta zo da wayar lokacin babbar Sallah, tana aikin jinya a Yola a wancan lokaci. Wadda nake riƙewa kafin nan ƙaramar nan ce mai tocila, na ɗaure bayanta da roba don kada batir ya faɗo. Da ta buɗe kwalin sai na ga wani baƙin gilashi kamar tafin hannuna, ba maɓalli ko ɗaya a fuskarsa. Na ji tsoron taɓa shi. Babban yatsana ya yi kanta saboda sitiyari, ina dannawa da ƙarfi abin ya ƙi motsi, tana ta dariya tana cewa shafawa ake yi, ba birki ba ne. Ta nuna mini akwai fitila a ciki, akwai rediyo, akwai agogon da ke kiran salla da kansa, akwai karatun Alƙur'ani na alarammomi da yawa, ka zaɓi wanda kake so. Abin da ya fi kama ni shi ne taswira. Ta buɗe mini hanyar Gembu, na bi ta da yatsa, kowace kwana tana nan yadda na san ta. Sannan ta matso da ita har na ga rufin gidan nan daga sama, da mangwaron bayan gida. Washegari ta kira mini ƙanena da ke garin Garwa, can tsallaken iyaka, wanda na yi shekara tara ban sa shi a ido ba. Ga fuskarsa, ga furfurar da ban san ya yi ba. Shi yana share ido, ni ina share ido. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗora wa Fadimatu laifi. Alheri ta kawo mini, kuma a ranar ban taɓa riƙe abin da ya faranta mini rai kamarsa ba.

Matata Dada, mahaifiyar manyanku, ba ta yi murna kamar ni ba. Ta ƙi yarda a ɗauke ta hoto. Da aka nuna mata rufin gidanmu sai ta ɗaga kai ta dubi sama, ta gyara ɗankwalinta, ta koma madafa. Don haka hoton farko da na ɗauka da hannuna na Yohanna ne.

Manyanku sun san shi, ƙananan kuwa suna kawai suka ji. Mumuye ne, mutumin wajen Zing, rumfar aikinsa tana tsallaken layinmu, taku talatin daga bencina. Mun fi shekara ashirin muna maƙwabtaka. Shi ya yi ƙofar ɗakin Dada da bencin da nake zama, shi ya gyara makarar masallacinmu kyauta, alhali coci yake zuwa. In doya ta yi a garinsu sai ya sauke mana rabonmu a zaure, da Sallah mu aika musu nama. Matarsa Rifkatu ce ta riƙe Dada a haihuwar auta, lokacin ina kan hanyar Bali. Yana ce mini Direba, ina ce masa Injiniya. Ranar da na ƙetara da wayar yana goge katako, ya ajiye, ya kakkaɓe ƙurar kansa, ya sa fensir a bayan kunne, ya tsaya cak kamar soja.

"Direba, ka ɗauke ni da kyau fa," in ji shi da Hausarsa ta mutanen Zing. "Matana zai gani."

Hoton ya yi kyau. Yana dariya har wushiryarsa ta fito.

Babban ɗana Usmanu, wanda ke aiki a sakatariya, shi ya sa ni a guruf ɗin unguwa na cikin waya, inda ake sanar da suna da rasuwa da maganar wuta da ta 'yan banga. Da yake rubutu a gilashin nan ya fi ƙarfina, sai aka koya mini saƙon murya: ka danne wuri ɗaya, ka yi magana, ka saki, shi ke nan ya tafi. Saƙona na farko talla na yi wa Yohanna. Na sa hotonsa, na ce duk mai neman kafinta na gaskiya ga shi nan a layinmu. Ya samu aiki biyu ko uku ta dalilin haka, ya zo har gida ya yi godiya. Daga nan aka sa ni a guruf ɗin tsofaffin direbobi, da na masallaci, da wasu da ban ma san wanda ya buɗe su ba. Sai na gane cewa abin da ya shigo nan, in na tura shi can, ni ne na fara kawo shi. Maganin ciwon suga da ganye, gargaɗin kada a bi hanya kaza, hotunan gawarwaki da aka ce na ƙauye kaza ne, duk turawa nake yi. Ban taɓa tsayawa na tambayi daga ina suka fito ba. Samari suka sa mini suna Baba Rediyo, na ji daɗin sunan. Aka koma tare ni a ƙofar masallaci. Dada ta sha ajiye mini abinci ya huce, ta ɗauke ta ɗumama ta sake kawowa, kaina yana sunkuye. In aka ɗauke wuta cajin ya kusa ƙarewa, sai na ji kamar numfashina ne zai ƙare.

Wata huɗu da zuwan wayar, aka wayi gari ranar Talata masu garkuwa da mutane sun ɗauke Alhaji Bello mai hatsi. Gidansa ne na ƙarshe a layinmu ta wajen kogi, kuma ta ƙofar baya suka shiga. A shekarar an ɗauki mutane a Nukkai da wasu unguwanni, amma ba a taɓa shigowa tamu ba. Tsoro ya kama kowa. Guruf ya ɗauki zafi tun da safe, kowa na cewa ba yadda za a yi baƙo ya san ƙofar nan, lalle akwai infoma a cikinmu. Ina ta saurare, kowa yana faɗin nasa, ni da ake kira Rediyo ba ni da komai. Can sai na tuna ranar Asabar, ina dawowa daga lambu, na ga Yohanna a ƙofar bayan gidan Alhaji da tef ɗin awo, shi da wani mutum mai hular sanyi da ban sani ba, keke mai ƙafa uku yana jiransu. Har ɗaga mini hannu ya yi, na ɗaga masa.

Bayan azahar ne. Ina zaune a tsakar gida, Dada tana tsintar shinkafa a gefena, ana jin ƙarar zarton Yohanna daga tsallake. Na danne wurin, na yi gyaran murya, na ce:

"Assalamu alaikum jama'a. Ni dai ban ce komai ba, amma ranar Asabar na ga Yohanna kafinta a ƙofar bayan gidan Alhaji, shi da wani baƙo, suna aune-aune suna nune-nune. Ban ce shi ne ba. Amma a bincika."

Na saki. Dada ta tsayar da hannunta a cikin faranti ta dube ni. Ta tambaye ni wa na faɗa wa wannan magana, na ce 'yan unguwa. Ta ce in janye ta yanzu. Na ce mata ba a iya janyewa. Ƙarya na yi. Fadimatu ta nuna mini yadda ake goge saƙo kafin ya yi nisa, kuma na iya. Amsoshi ne suka fara shigowa, ana ce mini Allah ya saka, ana cewa dattijo ba ya faɗin abin da bai gani ba, ni kuwa ina jin daɗinsu. Na daɗe ina tono zuciyata ko akwai wata ƙullalliya tsakanina da Yohanna da ta sa na yi haka, don da akwai da abin ya fi mini sauƙin fahimta. Babu. So nake a ce ni na sani.

Washegari da safe saƙon ya dawo mini ta guruf ɗin direbobi, daga wani da ke Nukkai. An yanke shi. An cire inda na ce ban ce komai ba, an cire inda na ce ban ce shi ne ba. An ɗora muryar a kan hoton nan da na ɗauka, yana dariya da fensir a kunne, an zagaye fuskarsa da jan layi, an rubuta infoma a ƙasa. Kafin na gama karin kumallo ya shigo mini ta wurare uku. Na ce a raina bari na gama shayi na ƙetara na gaya masa ya ɗan bar unguwa. Ban gama shayin ba na ji hayaniya.

Dada ta riga ni fita, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Ni na kai zaure, na buɗe ƙofa kaɗan, na ga layin cike da samari, da yawansu ba 'yan unguwarmu ba, wasu da sanduna, wani da jarkar fetur. Na ji ana kiran sunana a cikin ihun, ana cewa Baba Rediyo ya gan shi da idonsa. Da na fita na tsaya a gaban rumfar nan na ce ni ne mai maganar kuma ba haka na faɗa ba, wataƙila da sun tsaya, wataƙila da sun haɗa da ni. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba, don mayar da ƙofar na yi na koma ciki. Ƙafata lafiyarta lau a lokacin, ba abin da ya hana ni fita. Na zauna a bakin gado ina jin ƙamshin katako yana ƙonewa. Kafin hayaƙin ya lafa wayar ta yi ƙara a aljihuna, bidiyo ne ya shigo. A cikin gilashin nan na kalli abin da ake yi a ƙofar gidana. Sun kwantar da shi a kan teburin aikinsa, sun danne hannunsa na dama, da gudumarsa suka yi amfani.

Dada ta zagaya ta lungun baya ta fito da Rifkatu da 'ya'yanta mata biyu, ta shigo da su ɗakinta ta kulle. Rifkatu ba ta da irin wannan waya, ba ta ji saƙon ba tukuna. Da ta gan ni a tsakar gida sai ta durƙusa.

"Baba, Allah ya saka muku," in ji ta. "Da ba ku ba da mun mutu."

Dada tana tsaye a bayanta tana kallona. Na kauda kai.

'Yan sanda ne suka ƙwace shi da rai. Aka kai shi asibiti, ana gadinsa a matsayin wanda ake zargi. A kwana na uku matar Alhaji Bello, wadda tun ranar da aka ɗauke mijinta ba ta cikin hayyacinta, ta ji abin da ya faru, ta aika ta ce ita ta kira Yohanna. Gara ce ta cinye ƙofar bayan, ta ce a canja ta, shi kuma ya ba da shawarar a yi ta ƙarfe, ya ɗauko mai walda daga Abbare su auna. Baƙon ke nan. Da an yi ƙofar da wuri ma da wataƙila ba a shiga ba. Alhaji ya dawo bayan kusan mako uku, a rame, kuma daga baya ta bayyana cewa wani na jikinsa ne ya nuna hanya. Hannun Yohanna kuwa likitoci sun yi iya yinsu, yatsun suka ƙandare a lanƙwashe.

Sai magana ta juyo. Mutanen cocinsu suka kai kuka, hukuma tana tsoron kada abin ya zama na addini gari ya kama, aka fara neman wanda ya soma saƙon. Jauro, mai unguwarmu, ya aiko a ce mini ana nemana a zaurensa ranar Alhamis. Ranar Laraba da la'asar Usmanu ya zo. Ya karɓi wayar ya goge duk abin da ke ciki, ya kira Fadimatu ya sa muryarta a fili don kowa ya ji. Ya ce in na amsa muryata ce kurkuku za a kai ni, a wannan shekarun, da hawan jinina. Ya ce dangin Yohanna za su iya zuwa gidan nan, ya ce shi kansa aikinsa zai iya taɓuwa, ga ƙannensa mata ba su yi aure ba. Ya ce ai ko ba komai an yanke saƙon, ba yadda na faɗa ba ne, don haka in na ce haɗawa aka yi ban yi nisa da gaskiya ba, kuma yanzu kowa ya san ana haɗa murya da kwamfuta. Fadimatu kuka kawai take yi, tana cewa ita ta kawo masifar nan gida. Sai da kowa ya gama sannan Dada ta dube ni.

"Malam," ta ce, "shekara arba'in ina jin muryar nan. A gabana ka yi maganar. In ka je gobe ka ce ba taka ba ce, da wace za ka dawo ka yi mini magana?"

Usmanu ya ce ta yi haƙuri, wannan ba maganar zuciya ba ce, maganar tsira ce. Ta tashi ta ɗauki buta.

Zauren Jauro ya cika. Ga limaminmu, ga dattawa biyu daga cocinsu Yohanna, ga jami'in ɗan sanda da littafinsa. Aka kunna saƙon da ƙarfi. Ban taɓa jin muryata a cikin taro haka ba, har da gyaran muryar da nake yi kafin magana. Jauro ya ce, Malam Hammadu, wannan muryarka ce? Na dubi tabarma.

"Ranka ya daɗe, ta yi kama da tawa. Amma ba ni ba ne."

Na ɗauka za a matsa mini, ko a ce in rantse. Ba wanda ya matsa. Na ga kafaɗun mutane sun sauka. Ashe amsar ta yi wa kowa daidai: ba Musulmi ne ya yi wa Kirista ba, ba maƙwabci ne ya yi wa maƙwabci ba, wasu ne can da kwamfuta da ba wanda ya san su. Liman bai ɗago ya dube ni ba har aka tashi. Ɗaya daga cikin dattawan cocin ya daɗe yana kallona, sannan ya sa hularsa. Aka yi addu'ar zaman lafiya aka watse. Na dawo gida ba abin da ya taɓa ni.

Da aka sallami Yohanna bai kwana a unguwar ba. Motar kaya ta zo ta kwashe abin da ya saura. Rifkatu ta shigo ta yi sallama da Dada, suka daɗe a ɗaki. Da ta fito ta wuce ta gabana a zaure kamar ba mutum a wurin. Dada kuwa ba ta taɓa ɗaga mini murya a kan maganar ba, ba ta kuma faɗa wa kowa ba. Abincina yana zuwa a kan lokaci, kayana a wanke. Amma hirar la'asar da muke yi a gindin mangwaro tun kuna ƙanana ta mutu. In na fito da tabarma sai ta tuna wani aiki. In na yi magana ta amsa da abin da ya wajaba, ta yi shiru. Wasunku sun lura, kuka ɗauka tsufa ne. Shekara huɗu muka yi a haka a gida ɗaya. Wayar ban jefar da ita ba, kada ku ɗauka na yi wani abin kirki irin wannan. Na daina tura saƙo, amma ina riƙe da ita, ina jin karatu, ina kiran Garwa.

Da ciwon ajalinta ya kwantar da ita, wata safiya a asibiti bayan masu jinya sun fita, ta kama hannun rigata. Na ɗauka ruwa take so. Ta ce in je Zing. Iyakar abin da ta faɗa ke nan a kan maganar cikin shekara huɗu. Bayan kwana biyar ta rasu, Allah ya jiƙanta. Da aka yi arba'in na shiga motar haya ban gaya wa kowa ba.

Ƙauyen yana can cikin duwatsu, sai da na yi tambaya sau uku. Na same shi a gindin bishiya kusa da turken awaki, ya tsufa fiye da shekarunsa, hannun yana kan cinyarsa kamar busasshen reshe. Ya gane ni tun daga nesa. Bai tashi ba, bai kuma kore ni ba. Ya tura mini wata 'yar kujera da ƙafa, ƙafafunta ba su daidaita ba, na gane da hagu ya yi ta. Ya yi mini gaisuwar Dada, ya ce labari ya iso su, Rifkatu ta yi kwana uku tana kuka. Rifkatu tana cikin gida, ina jin motsinta, ba ta fito ba. Na faɗa masa abin da ya kawo ni, tun daga farko, har da ƙofar da na mayar na rufe. Ya saurara yana kallon awakinsa.

"Na sani, Direba," ya ce. "Tun a asibiti suka sa mini saƙon. Da na ji ka gyara murya na ce a kashe, na san mutumin."

Sannan ya ce hannun yana masa ciwo in sanyi ya shigo, amma ba shi ya fi ci masa rai ba. Ya ce yana kwance aka zo aka gaya masa na tsaya gaban Jauro na ce ba ni ba ne, a ranar ne ya san ba zai sake zama a Jalingo ba.

"Kana jin zartona daga gidanka. Me ya sa ba ka ƙetaro ka tambaye ni ba?"

Har yau ba ni da amsar da za ta yi daidai da tambayar. Na roƙe shi ya yafe mini. Aka aiko mana da dafaffiyar doya daga cikin gida, ya ce in ci, na ci kaɗan. Da zan tafi ya ce shi ba zai yi mini ƙarya ya ce ya yafe a ranar ba. Ya ce babbar 'yarsa Saratu ta samu miji a Jalingo aka fasa, don an ce 'yar infoma ce, har yanzu akwai masu faɗa. Ya ce in koma inda na faɗi waccan magana in faɗi wannan.

Na koma na yi. Na danne wurin nan karo na farko cikin shekara huɗu, na faɗi sunana da na mahaifina, na ce muryata ce a saƙon Yohanna, na ce ƙarya na yi a zauren Jauro, na ce mutumin nan bai aikata komai ba sai aikin da aka kira shi. Na tura guruf ɗin unguwa, na zauna ina jiran abin da zai biyo baya, ko 'yan sanda ko zagi. Har la'asar shiru. Can wani ya rubuta Allah ya yafe mana baki ɗaya. Bayansa wani ya sa sanarwar an kawo wuta a layin masallaci, aka shiga maganar wuta. Ba wanda ya tura shi ko'ina. Wancan saƙon ya zagaye garin nan kafin a gama karin kumallo, wannan ko layinmu bai fita ba. Usmanu ya bi mutane yana cewa tun rasuwar Dada Baba ba ya cikin natsuwarsa, a yi haƙuri da abin da yake faɗa, haka ma ya gaya wa ƙannensa. Ba na riƙe shi a zuciya. Tsoron abin da zai same ni ne ya sa shi, tun farko har ƙarshe, kuma ba shi Jauro ya tambaya ba.

Na tura wa Saratu saƙon ta lambar da ta ba ni ranar da na je, don a gidan na same ta. Mako biyu ban ji komai ba. Rannan ina lambu sai ga muryarta, gajeriya. Ta ce ta sa wa babanta, ya saurara sau biyu, ya ce a gaya mini ya ji. Na kira ta na tambaya ko ya ƙara wani abu.

"A'a, Baba Direba. Tashi ya yi ya tafi wurin awakinsa."

Yana nan da rai har yanzu da nake wannan rubutu, kuma a nan maganar take. Kada bayan raina wani ya ce muku ya yafe mini don ya kwantar muku da hankali. Cewa ya yi ya ji.